Ziyarar sansanin Auschwitz a Poland: yadda ake shiri da abin da za ka tarar

A ƙasar Hausa in aka ce Yaƙin Hitila, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne tsofaffin sojojin da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Bama da labaran dajin da suka dawo da su. Abin da shi Hitilan ya aikata a can Turai kuwa, yawancinmu a gurguje muka ji shi: ya kashe Yahudawa miliyan 6, shi ke nan, a wuce gaba. To wanda Allah ya kai shi Poland, ko karatu ko aiki ko kasuwanci, yana da damar ganin wurin da aka yi mafi munin wannan ɓarna. Na je, kuma na yi kurakurai biyu uku da ba na so wani ya maimaita. Babbar shawarata tun daga farko ita ce ka ɗauki tafiyar nan kamar zuwa maƙabarta, ka ware mata yini guda cur, kada ka cusa ta tsakanin cin kasuwa da yawon ganin gari.

Ka san inda za ka

Sunan garin da harshen mutanen Poland Oświęcim, ana furta shi kamar "Oshfiyenchim". Jamusawa ne suka mayar da shi Auschwitz bayan sun mamaye ƙasar a 1939. Yana kudancin Poland, kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kraków. Ka riƙe sunayen biyu, don a tashar jirgin ƙasa da jikin bas Oświęcim za ka gani.

Sansanin ba guda ɗaya ba ne. Akwai Auschwitz na 1, tsohon barikin sojan Poland mai gine-ginen jan bulo, wanda 'yan Nazi, wato mutanen jam'iyyar Hitila, suka mayar kurkuku. Fursunonin farko 728, 'yan Poland ne da aka kamo daga Tarnów, sun iso ranar 14 ga Yuni, 1940. Akwai Auschwitz na 2, wato Birkenau, mai nisan kilomita 3 daga na farkon, wanda aka fara ginawa a ƙarshen 1941, kuma a nan ne aka kashe mafi yawan mutane. Na ukun, Monowitz, sansanin aikin tilas ne na masana'antar kamfanin IG Farben, ba ya cikin abin da ake zagayawa da baƙi.

Mutum kusan miliyan 1.3 aka kai wurin tsakanin 1940 da 1945, kusan miliyan 1.1 a can suka mutu. Kimanin miliyan 1 daga cikinsu Yahudawa ne, sai 'yan Poland sama da 70,000, 'yan ƙabilar Roma (wata ƙabila ce da ke warwatse a Turai, ba mutanen birnin Roma ba) kimanin 21,000, da sojojin Tarayyar Sobiyet da aka kama a fagen daga kimanin 15,000. Sojojin Sobiyet sun iso ranar 27 ga Janairu, 1945, suka tarar da mutum kusan 7,000 da rai a hannun Allah. Sauran dubun-dubatar da ke iya takawa, Jamusawa sun riga sun tasa ƙeyarsu yamma a cikin ƙanƙara, da yawa a hanya suka faɗi. A 1947 Poland ta mayar da wurin gidan tarihi, a 1979 UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Wani abu da zai raba ka da jin kunya: kada ka kuskura ka ce "sansanin Poland". Wurin a ƙasarsu yake amma Jamusawan Nazi ne suka gina shi suka gudanar da shi, su kuma 'yan Poland su aka fara ɗaurewa a ciki. Maganar tana musu zafi sosai, har sai da suka sa UNESCO ta gyara sunan wurin a 2007 ya fito da kalmar Jamus da Nazi ɓaro-ɓaro.

Takardar shiga

Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar yana bukatar bizar Schengen, wato bizar da ke aiki a yawancin ƙasashen Turai. In kana da ita daga Jamus ko Faransa ko wata ƙasa ta yankin, ta wadatar. In Poland ce ainihin inda za ka, akwai ofishin jakadancinsu a Abuja.

Takardar shiga sansanin kuwa, a shafin gidan tarihin kansa ake yanka ta, visit.auschwitz.org. Kada ka dogara da cewa in ka isa ƙofa za ka samu. A 2019 kaɗai mutum sama da miliyan 2 suka ziyarci wurin, kuma daga watan Mayu zuwa Satumba guraben kan ƙare makonni kafin ranar. Da zarar ka tsayar da ranar tafiya, ka shiga shafin. Sunanka za a buga a takardar, kuma a ƙofa za a duba shi da fasfo, don haka ka rubuta shi daidai yadda yake a fasfo, ba sunan da ake kiranka a unguwa ba.

Takardun iri biyu ne. Shiga da kanka kyauta ne amma a wasu sa'o'i kawai, galibi da yamma, kuma ita ma sai ka yi rajista. Ɗayar ta biya ce, ana haɗa ka da rukuni da mai jagora, zagayen yana ɗaukar kimanin awa 3 da rabi. Akwai rukunin Turanci, akwai na Faransanci ga 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya ɗauki jagora. Gine-gine ne masu kama da juna, in ba wanda zai ce maka "a nan ne aka yi kaza", za ka wuce abubuwa da yawa ba ka san ka wuce ba. Kuma ka zaɓi rukunin safe, dalilin zai zo a gaba.

A Kraków za ka ga kamfanonin yawon buɗe ido suna tallar kai ka su dawo da kai. Wasu na da kirki. Ni wanda na fara biya, da daddare ya aiko saƙo cewa an sauya lokaci, mota za ta ɗauke mu kafin asuba, ashe ba su da takardun a hannu, layi za su kai mu mu bi. Na haƙura da kuɗin na sake shiri da kaina bayan kwana biyu. Araha ba ta ado. Abin da na fi yin gargaɗi a kansa shi ne tallan da ke haɗa Auschwitz da ramin gishirin Wieliczka a yini ɗaya. Ka guje shi. Za a yi ta kora ka kamar akuya, kuma ban ga yadda mutum zai fito daga ɗakin da aka tara gashin kan matattu ya tafi kallon gumakan gishiri ba.

Ana buɗe wurin kowace rana ban da 1 ga Janairu, 25 ga Disamba da Lahadin Ista. Hukumar wurin ba ta ba da shawarar a kawo yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba, ni ma na goyi bayan haka.

Hanya, sutura da guzuri

Tashar bas ta Kraków tana manne da babbar tashar jirgin ƙasa, Kraków Główny. Bas yana ɗaukar kimanin awa ɗaya da rabi, kuma yana ajiye mutane kusa da gidan tarihin. Jirgin ƙasa ma yana zuwa, sai dai daga tashar Oświęcim akwai 'yar tafiyar ƙafa ta wajen minti 20 zuwa 25. Kuɗin ƙasar zloty ne, ba yuro ba. Ka isa aƙalla minti 30 kafin lokacinka, saboda bincike ake yi irin na filin jirgin sama, kuma rukuni ba ya jiran kowa.

Ƙaramar jaka kawai ake bari a shiga da ita, wadda ba ta wuce ta ɗauki fasfo da gorar ruwa da waya ba. Babba sai ka ajiye a ma'ajiya. Takalmi shi ne abin da ya fi komai: tsakuwa ce da duwatsu marasa daidaito, in an yi ruwa Birkenau taɓo ne. Mai shirin zuwa da takalmin zuwa ɗaurin aure ya sake tunani. Da rani filin Birkenau babu inuwa, ka zo da hula ko lema. Da hunturu kuwa sanyin ba irin na Jos ba ne, yakan sauka ƙasa da sifili, iska na kaɗawa a fili ba abin tare ta, kuma a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Safar hannu, hular sanyi, riga a kan riga. Babbar riga ko hijabi ba mai hana ka, abin da suke bukata sutura ta mutunci.

Ka ci abinci kafin ka shiga, a ciki ba a ci kuma ba a shan taba. Musulmi ya riƙe kalmar wieprzowina, ita ce naman alade, kuma yana cikin abincinsu da yawa. Ko ɗan-waken nan nasu mai cikin dankali da cuku da suke kira pierogi ruskie, wani lokaci ana barbaɗa masa soyayyen kitsen alade, sai ka tambaya. Sallah kuwa, matafiyi ne kai, ka tsara haɗa Azahar da La'asar bayan ka fito, ya fi maka natsuwa da neman lungu a tsakiyar zagaye.

Auschwitz na 1

Za a ba ka na'urar sawa a kunne don ka riƙa jin jagora ba sai ya ɗaga murya ba. Abu na farko shi ne ƙofar ƙarfen nan mai rubutun Arbeit macht frei, wai aiki shi ke 'yantar da mutum. Wadda ke sama yanzu kwafi ce, don ɓarayi sun sace ta ainihin a Disambar 2009, aka gano ta an yanka ta gida uku. A nan kowa ke zaro waya. Ka ɗauki hoton ƙofar in kana so, amma ka bar batun tsayawa kana murmushi a gabanta.

Gini na 4 yana bayanin yadda ake kisan. Akwai tulin gwangwanayen Zyklon B, maganin ƙwari ne asalinsa, shi ake zubawa ta rufin ɗaki ya zama iskar guba. A saman bene akwai dogon ɗaki mai duhu, bayan gilashi gashin mata ne kusan tan 2 da aka aske. Ana cusa shi a buhu a sayar wa masana'antu, ga ma bandir ɗin yadin da aka saƙa da shi an ajiye a gefe. Har yanzu ana ganin kitso a ciki. An hana ɗaukar hoto a ɗakin nan, kuma da ka shiga ba sai an gaya maka dalili ba.

Gini na 5 shi ya fi tsaya min a rai. Kayan mutane ne: tabarau a cukurkuɗe, ƙafafun katako na guragu, takalma tuli guda har da na jarirai, akwatuna da masu su suka rubuta sunansu da adireshi da farin fenti don an ce musu za a ba su kayansu daga baya. Sai wani katafaren rami cike da kwanuka da tukwane da kofuna masu fenti ja da shuɗi da fari, sak irin samirun da ake jera wa amarya a gidajenmu. Na daɗe a tsaye a wurin. Matar da ta ɗauko tukunya, girki ta yi niyyar yi in an isa. An gaya musu sabon matsuguni za a kai su a gabas, kuma wannan ƙaryar ita ta sa dubban mutane suka hau jirgi ba gardama. Jagora ba zai tsaya da kai ba don wani rukuni na bayanku, amma ka saci minti ɗaya.

A gine-ginen da ke bayanin rayuwar fursunoni za ka ga hotunansu jere a bango, kai a aske, da ranar isowa da ranar mutuwa. Ka karanta ranakun, da yawa ba su wuce wata biyu ko uku ba. A Auschwitz ne kaɗai ake zana wa fursuna lamba a fata. A nan kuma za ka iya jin wata kalma da za ta sa ka ɗago kai: Muselmann, wato Musulmi. Haka ake kiran fursunan da yunwa ta gama da shi, ya zama ƙashi da fata, ba ya ko iya miƙewa. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bayarwa shi ne yadda irin waɗannan mutane ke durƙushewa suna sunkuyar da kai ya yi musu kama da mai sallah. Gara ka sani tun daga gida.

Gini na 11 kurkuku ne a cikin kurkuku. A ƙarƙashinsa aka fara gwada Zyklon B a kan jama'a a Satumbar 1941, a kan sojojin Sobiyet kimanin 600 da marasa lafiya 'yan Poland kimanin 250. Akwai ɗakunan tsayuwa, ƙasa da mita ɗaya kowace kusurwa, ana shiga da rarrafe ta wata 'yar ƙofa, mutum huɗu su kwana a tsaye da safe a kora su aiki. Akwai ɗakin da limamin Katolika Maximilian Kolbe ya mutu a Agustan 1941, bayan ya miƙa kansa a madadin wani magidanci da aka zaɓa a kashe da yunwa. Nan ma ba hoto. Hanyar matsattsiya ce, mai ciwon numfashi ko tsoron matsi zai iya jira a waje. Tsakanin gini na 10 da na 11 akwai bangon da ake harbe mutane, an toshe tagogin gini na 10 da katako don kada a gani.

Ƙarshen wannan ɓangare shi ne ɗakin iskar guba na farko da tanderun ƙona gawa. Ana shiga shiru. A gefensa akwai katakon da aka rataye kwamandan sansanin, Rudolf Höss, a Afrilun 1947. Ka waiga ka dubi gidan da ke bayan katanga, a nan ya zauna da matarsa da 'ya'yansa biyar, da lambu, taku kaɗan daga bututun hayaƙin.

Birkenau

Akwai bas na kyauta da ke zirga-zirga tsakanin sansanonin biyu, 'yan mintuna ne. A nan yawancin baƙi ke tafka kuskure. Sun gaji, ƙafa ta yi nauyi, jagora zai ba su kamar awa ɗaya ya sallame su, su ruga mota. Alhali wurin hekta 170 ne, kuma abin da ya fi muhimmanci yana can ƙurya. Dalilin da na ce ka ɗauki rukunin safe ke nan: in jagora ya gama, kai ka zauna ka ci gaba da ƙafarka.

Ka shiga ta babbar ƙofa mai hasumiya, wadda layin dogo ya ratsa ta ƙarƙashinta. An shigo da layin cikin sansanin ne a 1944, lokacin da aka kwaso Yahudawan Hangari sama da 430,000 a cikin makonni kamar takwas, daga Mayu zuwa Yuli. A tsakiyar filin akwai tarago ɗaya na dakon kaya, irin wanda ake cusa mutane su yi kwanaki ba ruwa. A daidai nan likitocin SS, rundunar Nazi mai kula da sansanin, ke tsayawa suna nuni da hannu, masu ƙarfi gefe guda, tsofaffi da yara da mata masu goyo ɗaya gefen. Kimanin mutum 900,000 ba a ma rubuta sunansu ba, daga jirgi sai ɗakin guba. Za ka ga ƙananan duwatsu a jikin taragon, al'adar Yahudawa ce ta ajiye dutse a kabari, kada ka taɓa. Kada kuma ka hau kan ƙarfen dogon kana tafiya ana maka hoto. Abin ya yi yawa har a 2019 hukumar wurin ta fito ta roƙi jama'a su daina.

Ka shiga ɗakunan kwana na katako. Asalin zanensu na bargar dawaki 52 ne, aka riƙa tara mutum sama da 400 a ciki, kan gadajen katako hawa uku. Ka leƙa ɗakin bahaya: dogon dakalin siminti ne mai ramuka jere, ba labule ba ruwa, ana ba su 'yan daƙiƙu. Daga nan ka dubi filin, bututun murhu ne na bulo a tsaye har iya ganinka, kowane ɗaya ɗaki ne da katakonsa ya tafi.

A ƙarshen layin dogo akwai kufan gidajen ƙona gawa na 2 da na 3, Jamusawa suka tarwatsa su da nakiya a Janairun 1945 don ɓatar da shaida. Ana ganin matakalar da mutane ke sauka zuwa ɗakin tuɓe kaya. Tsakaninsu akwai dandalin tunawa da aka buɗe a 1967. Rukunoni da yawa a nan suke juyawa. Kai ka bi dama. Za ka isa harabar rumbunan da fursunoni suka laƙaba wa suna Kanada, don a tunaninsu ita ce ƙasar arziki, a nan ake tantance kayan waɗanda aka kashe. Kusa akwai ginin da ake kira Sauna, inda ake aske sabbin fursunoni, yanzu an jera hotunan iyali da aka samu a akwatuna: biki, jarirai, 'yan makaranta. Gaba kaɗan kufan gidan ƙona gawa na 4 ne, wanda fursunonin da aka tilasta wa aikin kwashe gawa suka cinna wa wuta a tawayensu na 7 ga Oktoba, 1944, da albarushin da wasu mata fursunoni suka riƙa satowa kaɗan-kaɗan daga masana'anta. A bayansa akwai wani kududdufi a cikin bishiyoyi, tsit, ba kowa. Tokar gawawwakin da aka ƙona aka riƙa zubawa a ciki. Ƙasar da kake takawa a wajen nan gauraye take da mutane, don haka ko cokali ko maɓalli ka gani a ƙasa ka bar shi inda yake. An sha kama baƙi an gurfanar da su kan irin wannan.

Batun da wasu za su tayar

Na san akwai wanda zai ce, me zai kai Musulmi wurin makokin Yahudawa alhali ga abin da ke faruwa da Falasɗinawa? Wani abokina ya faɗa min haka kafin in tafi. Amsar da na ba shi ita ce yara kimanin 232,000 aka kai wurin nan, kaɗan ne suka fita, sauran kuma duk sun mutu kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Ra'ayinka kan siyasar yau naka ne, amma ba a ɗaga kwali ko tayar da muhawara a maƙabarta. Za ka haɗu da rukunonin matasa masu tutar Isra'ila, da tsofaffin da suka zo neman sunan kakanninsu a katafaren littafin sunaye na gini na 27, mai ɗauke da suna sama da miliyan 4. Ka ba su hanya kamar yadda za ka ba masu ta'aziyya.

Komawa

Tun da safe ka duba lokacin bas na ƙarshe zuwa Kraków, kuma ka tuna sai ka koma Auschwitz na 1 da bas ɗin kyauta tukuna, musamman in ka bar jaka a ma'ajiya. In akwai sauran lokaci, ka shiga cikin garin Oświęcim. Kafin yaƙin fiye da rabin mutanensa Yahudawa ne, akwai majami'arsu guda da ta tsira da ɗan gidan tarihi a jikinta, kusa da dandalin kasuwa. Mutanen garin rayuwarsu suke yi kamar kowa, ba sa son a riƙa kallonsu kamar masu gadin kabari.

Kada ka shirya wani taro ko cin abincin dare da jama'a a ranar. Ni na yi wannan kuskuren, na zauna a teburi ana hira ban iya cewa uffan ba. A bas ɗin dawowa ma kusan kowa shiru ya yi, wasu barci, wasu sun jingina kai da taga har muka shiga Kraków.